Yadda malamin jami'a zai rage satar amsa tun kafin ranar jarrabawa

Kafin ɗalibi ya naɗe 'yar takarda a cikin safa ko ya ɓoye waya ƙarƙashin cinya, ya riga ya gama shawara da zuciyarsa makonni da suka wuce. Malamin da ya san yadda ake yanke wannan shawara zai iya shiga tsakani da wuri, kuma yawancin aikin yana cikin tsarin kwas ɗin da yake koyarwa.

Da farko, ka cire a ranka cewa masu satar amsa wasu 'yan tsiraru ne marasa tarbiyya. A 1964 wani mai bincike, William Bowers, ya tambayi ɗalibai sama da 5,000 a manyan makarantu 99 na Amurka, kusan kashi uku cikin huɗu suka amsa cewa sun taɓa yin wani nau'in maguɗi. Tun a 1928 kuwa masu bincike Hartshorne da May suka gwada dubban yara, suka ga wanda ya yi ha'inci a wani gwaji yakan riƙe amana a wani. Wato yanayi yana da babban tasiri. Donald Cressey, wanda ya yi nazarin masu cin amanar dukiya a 1953, ya nuna abubuwa uku kan haɗu kafin mutum ya zame: matsi, dama, da hujjar da zai lallashi kansa da ita. Dukkansu malami yana da ta cewa a kansu.

Fara da matsi. Idan jarrabawa ɗaya ta sa'o'i biyu ita ce ke riƙe da kusan dukkan makin kwas, ɗalibin da ya ga zai faɗi yana ganin ba abin da zai yi asara idan ya gwada sa'arsa. Duk inda dokar makaranta ta ba ka dama, raba makin zango zuwa ƙananan gwaje-gwaje biyar na minti goma sha biyar, ka sanar tun farko cewa za ka watsar da mafi ƙarancin makin kowa. Ka sa gwajin farko a mako na uku, ya zama wanda duk mai halartar aji zai iya ci. Dalili shi ne abin da masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya bayyana a 1977: yadda mutum ya yarda zai iya wani aiki shi ke yanke irin ƙoƙarin da zai yi masa. Wanda ya taɓa cin maki da guminsa ya fi wuyar miƙa wuya ga leƙen takardar wani. Inda wannan tsari ke lalacewa shi ne jinkirin duba takardu. Idan ba ka mayar da sakamako cikin mako guda ba, gwajin ya zama ƙarin tsoro kawai. Gwaji uku da aka mayar kan lokaci sun fi shida da ke jibge a ofis.

Sai jan ƙafa. Masana halayyar ɗan Adam Kahneman da Tversky sun bayyana a 1979 yadda ɗan Adam ke raina lokacin da aiki zai ci. Ɗalibi ya ware wa rubutu kwana biyu, alhali na kwana goma ne, sai daren ƙarshe ya same shi da shafi ɗaya, intanet kuma na gabansa. Ka karya babban aiki gida uku: take da shafi ɗaya na tsari a mako na huɗu, daftari a mako na takwas, cikakken aiki a na goma sha biyu. Ka ba kowa damar ƙarin sa'o'i 48 sau ɗaya a zango ba tare da ya kawo uzuri ba. Ka kuma tambayi abokan aikinka ranakun da suka sa, don kada ayyuka huɗu su faɗo a mako guda.

Hujja ce ta fi buƙatar kulawa, don kusan babu ɗalibin da ke kallon kansa a matsayin maha'inci. A 1957 masana zamantakewa Sykes da Matza sun lissafa hanyoyi biyar da mai laifi ke kwantar wa kansa hankali, kuma duk ana jin su a bakin ɗalibai: ba yadda zan yi, ba wanda na cuta, ai malamin ne ya ja wa kansa, su ma masu hukuncin ba tsarkaka ba ne, abokina ne ba zan bar shi ya faɗi ba. Kowace tana da abin da ke ciyar da ita. Malamin da ke fashin aji sannan ya tambayi abin da bai koyar ba, shi ya miƙa ta uku da ta huɗu da hannunsa. Saboda haka ka fitar da samfurin tambayoyi tare da yadda ake raba maki, ka kuma tsaya a kan abin da ka koyar.

Mafi ƙarfin hujja ita ce "kowa ma yana yi". Binciken Donald McCabe da Linda Treviño na 1993 ya gano cewa abin da ɗalibi yake zaton takwarorinsa suna yi yana cikin manyan abubuwan da ke ja shi ga maguɗi. Don haka kada ka tsaya gaban aji kana cewa duk ɓarayin amsa ne, ko da ranka ya ɓaci. Idan ka yi haka, kana tabbatar wa mai gaskiya ne cewa shi kaɗai ake bari a baya.

A darasin farko, ware minti ashirin ka kawo misalai biyar ku yanke musu hukunci tare: wanda ya ba abokinsa aikinsa "ya duba kawai", wanda ya sauya kalmomin sakin layi bai ambaci mai shi ba, wanda ya sa ChatGPT ya tsara masa amsa, da makamantansu. Rubuta matsayar a takardar kwas. Da yawa suna faɗawa satar fasaha, wato kwafar aikin wani a ce nasu ne, don ba a taɓa nuna musu iyaka ba. Amma kada ka dogara ga sa hannu kan alƙawarin gaskiya a saman takarda kaɗai. Binciken 2012 da ya yaɗa wannan dabara an janye shi a 2021 bayan an gano matsala a alƙalumansa.

Toshe dama ya fi sauƙi. Bar kujera ɗaya tsakanin kowane ɗalibi biyu, buga takardar tambayoyi iri biyu da jeri daban, sauya tambayoyin bara, a ajiye wayoyi a ƙofa, mai sa ido ɗaya ya tsaya a bayan zaure inda ba a ganin inda idonsa yake. Ga aikin gida kuma, zaɓi mutum ɗaya cikin biyar ta hanyar ƙuri'a ya yi maka bayanin aikinsa na minti biyar, ka sanar da haka tun ranar ba da aikin.

Idan ka kama wani, karɓe shaidar ba tare da hayaniya ba, rubuta lokaci da abin da ka gani, abokin sa ido ya sa hannu, sannan ka miƙa wa kwamitin da doka ta tanada. Kada ka yafe wa wanda ka sani ka kai ƙarar wanda ba ka sani ba, domin labarin zai zagaye aji kafin yamma. Bayan an yanke hukunci, zauna da ɗalibin ka tambaye shi makon da karatun ya kuɓuce masa. Idan mutum uku suka ambaci darasi ɗaya, sake tsara yadda kake koyar da shi a zango mai zuwa.