Yadda za ki zuƙe wa jaririn da ke kan bentileta (injin taimaka wa numfashi) majina ba tare da kin galabaitar da shi ba

Jaririn da aka sa wa tiyo a maƙogwaro ba ya iya kuka, tiyon ya ratsa ta daidai inda murya ke fitowa, shi ya sa wasunmu ke ɗauka ai ba ya jin komai. Wallahi yana ji. Ki kalli fuskarsa lokacin sakshin, wato zuƙe majina da inji, goshi ya tattare, ido ya runtse, layin nan da ya gangaro daga hanci zuwa baki ya zurfafa, bugun zuciya ya haura oksijin ya sauka a monita, to kukan nasa kenan. Suna ma cikin alamun da ake dubawa a ma'aunin zafi na PIPP da aka fitar a Kanada a 1996.

Da farko dai kar ki yi sakshin wai don lokaci ya yi. Zancen duk bayan awa biyu an daina yayinsa. Sai kin ga majina a tiyo, ko kin saurari ƙirji kin ji yana ƙurƙur, ko ƙirjin ya rage ɗagawa, ko oksijin na ta zamewa ba dalili.

Sannan ki nemo mutum na biyu, nan ne fa aka fi yin sakaci don kowa na cewa aiki ya yi yawa. Aikinta kawai ta dunƙule jaririn, ta naɗe masa hannaye da ƙafafu zuwa tsakiyar jiki kamar yadda yake kwance a cikin uwarsa, tafin hannu ɗaya a kai ɗaya a ƙafafu, hannun da ɗumi, ba shafawa ba jijjigawa, riƙo ne kawai. Ta fara tun kafin ki taɓa tiyon. In babu wata nas ɗin kusa, maman jaririn ma za ta iya idan an nuna mata, kuma ita ma hankalinta ya fi kwanciya. Inda likita ya yarda, a ɗiga masa ɗan nonon uwa ko sukuros (ruwan sukari) mai kashi 24 a harshe kamar minti 2 kafin a fara.

Ki wanke hannu ki sa safar hannu, ki ɗan ƙara oksijin kamar kashi 10 kan wanda yake samu, ƙarfin injin zuƙar ya zama tsakanin 80 zuwa 100 mmHg. Tiyo mai lamba 2.5 kateta (siririyar robar da ake zurawa a tiyo a zuƙo majina) mai lamba 5, mai lamba 3.0 kateta 6. Ki auna tsawon tukuna, kateta ta tsaya a bakin ƙarshen tiyo, kar ki yi ta turawa sai kin ji ta daki wani abu, wannan abin da kika daka mararrabar hanyar iska ce, yana jawo rauni da jini, bugun zuciya ma ya faɗi. Ki shiga ba zuƙa, ki zuƙa a hanyar fitowa, duka kar ya wuce sakan 10. Ruwan gishirin nan da aka saba ɗurawa a tiyo kowane lokaci, a bar shi sai majina ta yi kauri ƙwarai.

Batun mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, na likita ne, tun bayan binciken NEOPAIN na 2004 ba a ba da shawarar ɗaura shi ga kowane bakwaini haka kawai.

In za ki sake shiga, ki bari monita ta dawo daidai tukuna. Kin gama ki mayar da oksijin inda yake a hankali, ki rubuta kalar majina da yawanta, ita kuma mai riƙon kar ta saki sai fuskar ta saki.