Yadda za ka tashi daga Kuala Lumpur ka yini a Singafo

Da farko ka duba biza tun kafin ka sayi tikiti. Mai fasfo na Najeriya sai da biza yake shiga Singafo, kada arhar tikiti ta ruɗe ka.

Cikin kwana 3 kafin isowarka, cike SG Arrival Card, wato fom ɗin sanar da isowarka Singafo, a intanet. Kyauta ne, duk shafin da ya nemi kuɗi a kai ka guje shi.

Ranar tafiya, duba tikitinka da kyau, domin filin jirgin saman Kuala Lumpur, wato KLIA, tasha biyu gare shi, kuma AirAsia daga ta biyu yake tashi. Hau jirgin ƙasa na KLIA Ekspres daga KL Sentral, babbar tashar jirgin ƙasa ta Kuala Lumpur, wajen rabin awa ka isa. Tafiyar sama kuwa kusan awa ɗaya ce, agogon Malesiya da na Singafo ma ɗaya ne.

Da ka sauka a Changi, filin jirgin saman Singafo, kada ka yi gaggawar fita. Shiga Jewel, ginin shaguna da lambu da ke haɗe da filin jirgin, ka ga ruwan da ke kwararowa daga rufin gilashi, tsayin mita 40, bishiyoyi kewaye da shi. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa.

Daga nan sai MRT, jirgin ƙasa na cikin gari, zuwa unguwar Bugis. Ba a ci ko sha a cikinsa, tara ake yi. Ka taka zuwa Masallacin Sultan mai kubba ruwan zinare, ka yi azahar, ka ci biryani a shagunan halal da ke gefensa.

Da yamma ka wuce lambun shaƙatawa na Gardens by the Bay, ka tsaya har a kunna fitilun manyan bishiyoyin ƙarfe.