Yadda Ake Karanta Farin Layin da Jirgin Sama Ke Bari

Mutane da yawa suna ɗaukar farin layin da ke bin bayan jirgin sama a matsayin hayaƙi, alhali ƙanƙara ce. Injin jirgi yana fitar da tururin ruwa mai zafi, kuma daga tsayin mita 8,000 zuwa sama, inda sanyi ke kaiwa digiri 40 ƙasa da sifili, tururin yana daskarewa a jikin ƙurar hayaƙin injin ya zama ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara.

Mai son karanta wannan layi ya zaɓi safiya ko gab da faɗuwar rana, a ranar da babu hazo, domin ƙurar hunturu tana rufe sama gaba ɗaya. Da farko ya lura da ɗan gibin da ke tsakanin wutsiyar jirgin da inda layin ya fara, domin a nan ne tururin bai gama daskarewa ba. Daga nan ya ƙyale jirgin ya wuce, ya zuba wa layin ido, domin a nan bayanin yake.

Idan layin gajere ne kuma ya ɓace cikin ɗan lokaci, iskar can sama busasshiya ce, kuma illarsa ga yanayi kaɗan ce. Idan kuwa ya daɗe yana faɗaɗa kamar audugar da iska ta watsa, har ya rikiɗe ya zama siririn girgije, to iskar cike take da danshi, kuma wannan ne ya kamata ya dame mu. Da rana irin wannan girgije yana mayar da wani ɓangare na hasken rana, amma da dare aikinsa ɗaya ne: riƙe zafin da ƙasa ke fitarwa.

Jiragen sama suna fitar da kusan kashi 2.5 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa, amma idan aka haɗa da waɗannan gizagizai da sauran abubuwan da injinansu ke fitarwa, rabonsu a ɗumamar duniya yana kaiwa kusan kashi 3.5. Gyaran kuwa ba shi da wuyar da ake zato. A shekarar 2023 kamfanin Google da kamfanin jiragen sama na American Airlines sun gwada sauya nisan jirgi daga ƙasa a tafiye-tafiye 70 domin kauce wa iska mai danshi, kuma layukan suka ragu da kashi 54 cikin ɗari.