Kurakuran da aka fi yi wajen zana faifan rulet a kwamfuta

Yawancin hotunan faifan rulet na gidan caca, wato faifai mai juyawa da ake jefa ƙaramin ƙwallo a kansa ya faɗa gurbin wata lamba, da ake haɗawa da manhajar Photoshop ko GIMP sukan lalace ne tun kafin a zo kan ƙyalli da inuwa, domin mai zanen ya raba da'irar da ido, bai tsaya ya yi lissafi ba. Faifan Turai gurabe 37 gare shi, daga 0 zuwa 36, na Amurka kuwa 38, saboda an ƙara masa 00. Wanda ya juya kowane gurbi da digiri 10 don ya ga ya fi sauƙi, zai cike da'irar da gurabe 36, sifiri ya rasa mazauni. Abin da ya kamata shi ne a raba 360 gida 37, a sami digiri 9.73, ko gida 38, a sami 9.47. Kada a rage adadin ya koma 9.7, domin idan aka zagayo za a tarar da giɓin da ya haura digiri ɗaya tsakanin gurbin ƙarshe da na farko.

Kafin a soma juyin, sai a kafa cibiyarsa a tsakiyar faifan, inda layukan jagora biyu suka haɗu, ba a tsakiyar gurbin ba. Da zarar an yi na farko daidai, danna Ctrl da Alt da Shift da T tare a Photoshop zai riƙa maimaita shi yana fitar da kwafi. Gurbin kuma gara a zana shi da siffar vekta, wato zanen da kwamfuta ke ajiyewa a matsayin layuka, domin hoton fiksel, wanda aka haɗa da ƙananan ɗigogi, yakan dusashe a gefuna duk lokacin da aka sake juya shi.

Kuskuren da ya fi tona asirin mai zane shi ne jera lambobi 1, 2, 3 kamar fuskar agogo. A faifan Turai, idan aka bi hannun agogo daga sifiri, jerin yakan soma da 32, 15, 19, 4, 21, 2, 25, ya ƙare da 3 da 26, kuma na Amurka jerinsa daban ne, inda 0 da 00 suke fuskantar juna. Launi ma ba a zaɓarsa da son rai. Sifiri kore ne, sauran kuwa 18 ja, 18 baƙi, suna bin juna ɗaya bayan ɗaya. Wasu kan ɗauka duk lambar mara, wato wadda ba ta rabuwa gida biyu daidai, ja ce, alhali hakan gaskiya ne kawai daga 1 zuwa 10 da kuma 19 zuwa 28. A sauran, cika ce ja. Saboda haka 32 ja ce, 15 baƙa. Kowace lamba kuma dole ta juya tare da gurbinta.

Game da haske, matsalar takan taso ne idan aka manne inuwa a jikin gurbi ɗaya sannan aka kwafe shi, sai inuwar ta zagaye faifan kamar fitila 37 ke haska shi. Haske ya fito daga ɓangare guda, a sa shi a leya, wato shimfiɗar zane, ta daban bayan an gama jeri, ƙwallon da ƙarfen tsakiya su ma su bi wannan ɓangaren. Idan ana son faifan ya fito a karkace, sai an kammala shi a shimfiɗe tukuna, sannan a haɗa leyoyin a matse su gaba ɗaya, a ajiye kwafin asali gefe saboda gyara.