Sabuwar matsakaiciyar waya ko tsohuwar babba mai kyamara: kurakuran da masu saye ke ta maimaitawa

A cikin watannin nan mutum huɗu daga cikin dangina da abokan aikina sun zo mini da tambaya iri ɗaya, kuma uku daga cikinsu sun zo ne bayan sun riga sun biya kuɗi, lokacin da shawara ta zama ihu bayan hari. Tambayar ita ce ko mutum ya sayi sabuwar waya mai matsakaicin farashi dal a kwali, ko kuwa ya sayi tsohuwar babbar waya ta hannu wadda ta yi suna da kyamara a zamaninta. Na gaji da ganin ana faɗawa rami ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Zan riƙa misali da Galaxy A55 da ta fito a watan Maris na 2024 da Galaxy S21 Ultra da ta fito a watan Janairu na 2021, saboda kamfani ɗaya ne, wato Samsung, ya ƙera su, kuma irinsu ne mai saye yake tararwa a jere cikin gilashi ɗaya a shagon waya, ya rasa wadda zai ɗauka.

Kuskuren da ya fi yawa, ko da yake ba shi ya fi cin kuɗi ba, shi ne ƙirga megafiksel, wato yawan miliyoyin ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, da ƙirga idanun kyamara a bayan waya. Babbar kyamarar S21 Ultra tana da megafiksel 108, amma hoton da take ba ka idan ba ka taɓa saitinta ba mai megafiksel 12 ne, domin tana haɗa ɗigo tara su zama ɗaya don su tara haske. A55 tana da 50, tana haɗa huɗu-huɗu, ta sauko wajen 12 ita ma. Redmi Note 13 Pro da ake tallatawa da 200 tana haɗa 16 su zama ɗaya, ta dawo daidai wurin da sauran suke. Lambar da aka buga a jikin kwali ba ita ke yin hoto ba. Abin da ke yin hoto shi ne girman sensar da haske ke sauka a kanta, da ingancin madubin da ke gabanta, da na'urar da ke riƙe hoto idan hannu ya yi rawa, da kuma manhajar da ke gyara hoton kafin ya bayyana a allo. Haka batun yawan idanu yake: ido na uku a bayan A55 ƙaramar kyamara ce mai megafiksel 5 ta ɗaukar abin da ke dab da ita, ta Redmi ɗin kuma mai megafiksel 2 ce, kuma mafi yawan mutane ba sa buɗe su daga ranar saye har ranar sayarwa. Ni abin da nake yi shi ne in nemi lungu mafi duhu a shagon, in ce wani ya riƙa motsa hannunsa, in ɗauka da wayoyin biyu, sannan in buɗa hotunan in duba fuska da yatsu. Hoton rana tsaka ba ya bambance wayoyi, domin kusan kowace waya ta yanzu tana iya shi.

Kuskuren da ya fi ɓata mini rai, wanda kuma ya ci mini kuɗi masu yawa, shi ne gwada sabuwar waya da tsohuwa kamar dai tsohuwar tana nan yadda ta fito daga masana'anta. Mutum zai kwana yana kallon bidiyon da aka yi a makon da S21 Ultra ta fito, ya ga an rubuta batir mai ƙarfin mAh 5000 a kanta kuma an rubuta 5000 a kan A55, sai ya yanke hukuncin cewa sun yi kunnen doki. Ba su yi ba. Ɗaya batirinta sabo ne, ɗayar kuwa an yi shekaru ana cika nata ana sauke shi kullum a hannun wanda ba ka sani ba. Batirin waya yana tsufa da yawan caji, kuma kamfanin Apple da kansa ya bayyana cewa batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta an tsara shi ne ya rage da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, wato ƙasa da shekara biyu ga mai caji kullum. Zafi yana ƙara gaggauta wannan tsufa, kuma mu da muke ganin ma'aunin zafi yana haura 40 a watan Afrilu, muna caji da janareta ko a shagon masu caji, ba mu da dalilin ɗaukar wannan magana da wasa.

Ni na sayi irin wannan babbar waya ta hannu saboda kyamararta kawai. Mai shagon ya riƙe ta a gaban haske ya ce mini, "Alhaji, wannan ko sukurudireba bai taɓa shiga jikinta ba, yadda aka sauke ta daga jirgi haka take." Na duba jikinta ban ga ƙwarzane ba, na ɗauki hoto biyu a bakin titi, na biya. Mako na uku aka yi sunan ɗiyar ƙanena, kuma ni aka ɗora wa ɗaukar hotuna tun da kowa ya san na sayi waya mai kyamara. Ana cikin addu'a na fara ɗaukar bidiyo, wayar ta yi zafi a hannuna, ta mutu tana nuna saura kashi 30. Babu hoton mahaifiyarmu riƙe da jikarta a wannan rana, kuma wannan asara ce da ba a sayen madadinta a kasuwa. Da na kai wa mai gyara ya ɗaga bayanta, sai ga gam ɗin da aka shafa da hannu ya bushe a gefe-gefe, batirin da ke ciki ba na asali ba ne, kuma allon ma an taɓa canza shi, shi ya sa karanta yatsa yake yi mata wuya tun ranar farko ina ɗauka laifin yatsana ne. Kuɗin da ya ce zai karɓa don sa allo na asali ya kusa rabin abin da na biya na sayi wayar. Da na koma shagon, sai aka ce mini garantin mako ɗaya ne kuma ya wuce.

Saboda haka ina faɗa da babbar murya: kada ka miƙa kuɗin tsohuwar waya bayan gwajin minti biyar kana tsaye, ana hayaniya, mai shago yana ce maka wani ma yana jiranta. Idan wani yana jiranta, ka bar masa. Yanzu ba na sayen waya ta hannu sai na zauna da ita aƙalla rabin awa. Ina duba kashi nawa cajinta yake, in kunna bidiyon 4K, wato mai tsabta sosai, na minti goma ba tsayawa, in ga nawa ya sauka kuma yaya zafin bayanta yake. Idan Samsung ce, ina buɗe manhajar Samsung Members in duba abin da gwajinta ya ce game da batir, sannan in danna *#0*# in bi launukan allo ɗaya bayan ɗaya, fari da ja da kore da shuɗi, ina neman inuwar tsohon rubutu da ya ƙone a jikin allon ko siririn layin da ya ratsa shi. Ina sa yatsana in yi rajista in gwada sau goma. Ina bin gefen murfin baya da farce ina neman wurin da ya ɗaga, domin wayar da aka taɓa buɗewa ba a sake dogara da kariyar ruwanta, ko me aka rubuta a takarda. Kuma kafin in biya, ina fita in tambayi mai gyara da ba shi da alaƙa da shagon nawa ne allonta da batirinta na asali, in ɗora kuɗin batirin a kan farashin da aka faɗa mini, sai in gwada wannan jimillar da farashin sabuwar. Allon S21 Ultra mai lanƙwasa ne a gefe, faɗuwa ɗaya a kan siminti tana iya gamawa da shi, kuma canza shi ya fi canza shimfiɗaɗɗen allon A55 tsada nesa ba kusa ba.

Abin da ke biye da wannan a nauyi shi ne mantawa da sabunta manhaja, kuma a nan ne nake ganin sakaci mafi muni daga masu ilimi ma. S21 Ultra ta fito da Android 11, Samsung ya yi mata alkawarin manyan sabuntawa huɗu da gyaran tsaro na shekara biyar, don haka ta tsaya a Android 15 kuma lissafin shekarunta biyar ya ƙare a farkon 2026. A55 ta fito da Android 14 da alkawari iri ɗaya, wanda zai kai gyaran tsaronta zuwa 2029. Wayar da ke hannunka ita ce bankinka, a cikinta saƙon lambar sirri yake shigowa, a cikinta kake tura kuɗin makarantar yara, don haka ba daidai ba ne ka yi watsi da shekarun tsaro saboda hoton farin wata ya fito da kyau. Masu neman Huawei kuma su buɗe ido sosai. P30 Pro ta 2019, wadda aka yi kyamararta da haɗin gwiwar kamfanin kyamara na Leica, tana da Play Store da sauran manhajojin Google, domin ta fito kafin Amurka ta sa wa kamfanin takunkumi a watan Mayu na wannan shekarar. P40 Pro ta 2020 ba ta da su, kuma na ga wanda ya saye ta saboda kyamara ya kai gida yana neman Play Store bai samu ba.

Duk da abin da na faɗa, akwai masu yin kuskuren ta ɗaya ɓangaren, su ce sabo ya fi tsoho a kowane hali. Wannan ma ba gaskiya ba ne. S21 Ultra tana da kyamarori biyu na janyo nesa, ɗaya mai ninki uku ɗaya mai ninki goma, kuma madubi ne yake janyowa da gaske. A55 ba ta da ko ɗaya, idan ka ja hoto yanka shi take yi ta buɗa, shi ya sa fuska take dagulewa. Wanda yake son ya tsaya a cikin taro ranar hawan Daushe ya ɗauko adon doki da fuskar mahayi daga nesa, ko ya ɗauki ɗansa a tsakiyar filin ƙwallo, ko ya ɗauki mai jawabi daga bayan zaure, babu abin da sabuwar matsakaiciyar za ta yi masa a nan, kuma idan ya samu tsohuwar mai lafiya ya sa mata batir na asali, ya yi ciniki mai kyau. Matsalar ita ce mutane ba sa tambayar kansu wane irin hoto suke ɗauka. Mutum na huɗun da na ambata, wadda ita kaɗai ta zo kafin ta biya, ƙanwata ce mai sayar da atamfa da leshi. Ta ce mini, "Yaya, ance waccan tana ganin abu daga nesa." Na ce ta buɗe hotunan da ke tsohuwar wayarta mu duba na wata ɗaya tare. Kusan duka hoton kaya ne a shimfiɗe a tabarma da hoton yaranta a tsakar gida, babu ko ɗaya na nesa. Na ce ta ɗauki sabuwar, domin abin da take bukata shi ne batirin da zai kai ta dare idan an ɗauke wuta da garantin da za ta iya komawa da shi.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna cizo. Kada ka yanke hukunci da hoton da aka turo maka ta WhatsApp, domin manhajar tana matse hoto kafin ta aika, sai wayoyin biyu su zama kamar ɗaya. Ka duba ƙasar da aka ƙera wa wayar: S21 Ultra ta kasuwar Amurka ramin layi ɗaya gare ta kuma tana iya zuwa a kulle da kamfanin sadarwa na can, ta Koriya kuma ƙarar ɗaukar hotonta ba ta kashuwa ta hanyar da aka saba, abin da zai dame ka a masallaci ko wurin taro. Ka sa layinka a ciki ka yi kira ka kunna data kafin ka biya. S21 Ultra ba ta karɓar katin memori, A55 tana karɓa, kuma bidiyon 4K yana cinye wuri da sauri, don haka mai wurin ajiya 128GB za ta cika maka tun ba ka shirya ba. Kada 5G ta zama abin da za ta yanke maka hukunci sai ka tabbatar ta iso unguwarku, ko da yake MTN ta fara ta a Najeriya tun 2022. Dukansu biyu ba sa zuwa da kan caja a kwali a mafi yawan kasuwanni, sai ka sa kuɗin caja mai kyau a lissafi, kada ka haɗa babbar waya da cajar bakin titi.

Na ƙarshe shi ne takarda. Ka danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ka sa mai shago ya rubuta ta a rasit tare da sunan shagonsa da kwanan wata da tsawon garantin da ya yarda da shi, da hannunsa. Sannan ka sa a goge wayar gaba ɗaya a gabanka, ka kunna ta ka shigar da asusunka na Google kafin ka tashi, domin idan asusun mai ita na farko yana ciki za ta kulle a hannunka bayan gogewa, kuma idan ta sata ce, wannan rasit ɗin shi ne abin da za ka nuna ranar da aka biyo sawunta.