Yadda Za Ka Bayyana Kuɗin Aikin Intanet Wurin Masu Haraji a Kano

Matasan da ke zanen tambari, rubuta manhaja ko fassara ta intanet, tambayarsu ɗaya ce: "Dala ce fa daga Amurka, ina ruwan Kano?" Da ruwanta. Muddin a nan kake zaune, hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, KIRS, ita ke da harajinka, ko daga ina kuɗin suka fito. Takardar W-8BEN da ka cika wa Upwork, dandalin samun aiki ta intanet, shaida ce cewa kai ba ɗan Amurka ba ne, ba ta sauke maka nauyin gida ba.

Lambar TIN kuwa, wato lambar shaidar mai biyan haraji, ka nemi taka kawai, ba sai mun tsaya a kanta ba.

Inda ake faɗuwa shi ne lissafi. Kafin komai, ware asusun banki ɗaya na aiki zalla. Ni shekarata ta farko asusu ɗaya nake da shi: kuɗin aiki, zubin adashe, abin da yayana ke turowa na maganin Hajiya, duk a ciki. Ga shi nakan ciro dala in canzar a Wapa, a turo mini naira cikin wannan asusun. Da na zo haɗa lissafi, sai ga aiki ɗaya ya fito sau biyu, ɗaya da dala, ɗaya da naira. Kwana uku na yi da biro ja ina bin layi-layi kafin na warware.

Don haka kowane ƙarshen wata ka sauke bayanin shige da ficen kuɗinka daga manhajar da ake biyanka ta ciki, kamar Payoneer ko Paystack, ka adana. Rubuta ranar, cikakken kuɗin da mai aiki ya biya, abin da aka yanke, da farashin dala na Babban Banki a wannan ranar. Cikakken kuɗin nake nufi, ba ragowar da ta iso ba. Misali, dandalin aiki na Fiverr na cire kashi 20 cikin ɗari. Wannan ka sa shi a layin kashe-kashe, tare da data da man janareta. Ni littafin dogon layi na fi yarda da shi, waya tana lalacewa.

Abin da ya rage bayan kashe-kashe shi ake yanka wa haraji. A dokar da ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, naira 800,000 na farko babu komai, naira miliyan 2.2 da ke biye kashi 15. Mai ribar miliyan 3 ke nan zai biya 330,000. In haya kake biya, riƙe rasit, akwai rangwame.

Sai ka cika fom ɗin bayyana kuɗin shiga kafin 31 ga Maris, ka biya ta banki, kada ka damƙa wa kowa tsabar kuɗi a hannu, ka karɓi rasit, ka nemi takardar shaidar biyan haraji.