Kurakuran da baƙo ke yi a Birtaniya wajen alkawari, ziyara da tsara buri

Yawancin saɓanin da ke shiga tsakanin ɗan ƙasarmu da ya je karatu ko aiki a Birtaniya da mutanen can ba rashin jin Turanci ke kawo shi ba. Rashin gane wace magana ce alkawari ne, wacce kuma ta fatar baki. A wurin Bature, maganar da aka sa wa rana da lokaci ita ake riƙe mutum da ita. Wadda ba ta da rana, sau da yawa ladabi ne kawai.

Abokin aiki zai ce maka ya kamata wata rana ka leƙo gidansa ku sha shayi. Kuskure ne ka wanke ƙafa ranar Asabar ka je ka buga masa ƙofa. A gida wannan zumunci ne, a can kuwa takurawa ce, don mutum ya riga ya tsara yininsa tun farkon mako. Ka tura masa saƙo ka tambayi ranar da ta dace. In ya ba da rana, gayyata ce ta gaskiya. In ya yi ta kwana-kwana, ka bar zancen, kuma kada ka ɗauke shi wulaƙanci. Idan aka sa ƙarfe bakwai don cin abincin dare a gida, makarar minti biyar ko goma ba laifi, zuwa da wuri ne ma ke rikita masu gida. Ka faɗa tun da wuri cewa ba ka cin naman alade, ba ka shan giya, kada kuma ka jawo aboki ba tare da izini ba, domin da lissafi ake girki. Ɗan cakulan ko furanni sun isa tsaraba. Ganin likita fa daban ne: kusan minti goma ake ware wa kowane mara lafiya, in ka makara sai a sake maka wata rana.

Kuskuren da ya fi cin mutanenmu, a ganina, yana cikin bakinmu ne. Kunya ba ta barinmu mu ce a'a, sai mu ce "to, zan duba" alhali mun san ba za mu je ba. Wanda ya gayyace ka kuwa ya riga ya rubuta sunanka a kalandarsa. Ranar ta zo bai gan ka ba, ka zama mara alkawari a idonsa. Ka ce ba za ka samu dama ba, ka yi godiya, shi ke nan. In kuwa za ka yi, ka ce in Allah ya yarda, amma ka haɗa da rana.

Haka abin yake wajen buri. Idan shugabanka a wurin aiki ko malamin da ke duba bincikenka ya tambayi abin da kake son cimmawa, "zan ƙara ƙwazo" ba amsa ba ce. Tun 1981 wani Ba'amurke, George Doran, ya rubuta tsarin da ofisoshi da dama ke bi har yau, wanda ke neman buri ya zama takamaimai, mai aunuwa, mai yiwuwa, mai wa'adi. Digiri na biyu a Birtaniya galibi shekara ɗaya ne, kundin bincike kuma ana miƙa shi wajajen ƙarshen Agusta ko Satumba. Don haka ka ce babi na farko zai iso hannunsa ranar kaza ga wata kaza. Su ma Turawan ba su tsira ba: kowace Janairu sukan ɗauki ƙudurin rage ƙiba ko barin sigari, da yawa su watsar kafin hunturu ya wuce. Ita kuwa hukumar lafiyarsu, NHS, ta raba shirinta na koyon gudun kilomita 5 zuwa mako 9, sau uku a mako.

Gaisuwa gajera ce. Wanda ya tambayi lafiyarka a bakin ƙofa bai shirya jin labarin ciwon bayanka ba. Kada ka tambayi albashin mutum, ko dalilin da ya sa bai yi aure ba, ko ka yaba masa cewa ya yi ƙiba. Zancen ruwan sama da sanyi ya ishe ku. Malamin jami'a mai furfura zai ce ka kira shi da sunansa na yanka. Da nauyi a baki, amma ka yi. In ba ka musabaha da mata, ɗora hannu a ƙirji da murmushi, ka yi bayani a taƙaice. Tsallake layi kuwa, ko ba a tanka maka ba, an ƙullace ka.

A gidan abinci, gayyata ba ta nufin za a biya maka, yawanci kowa nasa yake biya. A Landan sukan ƙara kashi 12.5 cikin ɗari na hidima a kan takardar kuɗi, don haka duba kafin ka ƙara wani abu. In hanya ta kai ka Amurka, ka bar kashi 15 zuwa 20, domin dokar tarayya ta yarda a biya mai kawo abinci dala 2.13 kacal a awa, sauran daga hannun masu ci yake fitowa.